Sarkin Haɗejiya Buhari ɗan Sambo, Sarkin da Ya Ƙi Bin Sakkwato

Daga wata ɗalibar aji biyu na ƙaramar sakandare, 'yar Ƙungiyar 'Yan Jarida

A wannan makon filinmu na tarihi ya kawo muku labarin wani sarkin Haɗejiya da ya rasu tun 1863, amma har yau idan aka ambaci sunansa a gaban tsofaffi sai hira ta canja. Wasu su gyara zama suna murmushi, wasu kuma su girgiza kai. Sunansa Buhari ɗan Sambo. Ya yi sarauta sau biyu, daga 1848 zuwa 1850, sannan daga 1851 har rasuwarsa. Mafi yawan waɗannan shekarun ya yi su ne yana gaba da Sarkin Musulmi na Sakkwato, kuma ba a taɓa cin sa da yaƙi a cikin garinsa ba bayan dawowarsa ta biyu.

Kafin mu shiga labarinsa, ya kamata mu san irin ƙasar da ya gada. Labarin baka da kowane ɗan Haɗejiya ya sani shi ne, wani maharbi mai suna Haɗe ne ya zo daga wajen Machina ya zauna a bakin kogi, ya auri wata mata mai suna Jiya, sai aka haɗa sunayensu aka sami sunan garin. Kafin jihadi ƙasar nan ba sarki ɗaya ke mulkinta ba. Ƙananan masarautu ne guda 7: Auyo, Haɗejiya, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Garun Gabas ita ce Biram da muke karantawa a cikin Hausa Bakwai, kuma tana nan a ƙaramar hukumar Malam Madori. Duk waɗannan masarautu suna ƙarƙashin Borno ne, suna kai gaisuwa ga Galadiman Borno da ke zaune a Nguru.

Wannan zama kusa da Borno ya bar alama a bakinmu. Sarautu irin su Galadima da Ciroma asalinsu daga Barebari ne. Ban da Hausa, a ƙasar nan ana jin Fulatanci da Barbarcin Mangawa da Badanci. Mutanen Auyo ma suna da nasu yaren a da, Auyakanci, ɗan'uwan Badanci ne, amma yanzu ya ɓace, jikokinsu duk Hausa suke yi. Na kawo wannan ne don a gane cewa Haɗejiya tana kan iyaka ne, Sakkwato na yamma can da nisa, Borno kuwa ga ta nan a gabas kusa. Buhari ya san amfanin wannan sosai.

Gidan su Buhari Fulani ne makiyaya da suka zo neman ciyawa da ruwa a fadamun kogin Haɗejiya. Baffansa Umaru shi ne Sarkin Fulanin Haɗejiya lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi a 1804, kuma shi aka ba tuta. Bayan rasuwar Umaru a 1808 da ɗan gajeren mulkin ɗansa, sai sarauta ta koma hannun ƙanensa Sambo, wato mahaifin Buhari. Sambo ne ya shigo cikin birnin Haɗejiya ya mai da shi hedikwata, ya faɗaɗa ganuwa, ya haɗa waɗancan ƙananan masarautu wuri ɗaya. Ya daɗe yana mulki, shekara 37. Da tsufa ya kama shi a 1845 sai ya sauka ya naɗa ɗansa Garko. Garko bai wuce shekara biyu ba ya rasu. Aka naɗa Abdulƙadir, shi ma bai daɗe ba ya rasu. Dattijo Sambo ya binne 'ya'yansa biyu sarakuna yana raye, sannan shi ma ya rasu a 1848.

A nan ne rigima ta fara. Sambo ya fi son ɗansa Ahmadu ya gaje shi, domin ana ganin Ahmadu mai sanyin hali ne. Buhari kuwa jarumi ne, kuma mayaƙa da bayin sarki suna bayansa. Bai tsaya jiran kowa ba, ya shiga fada ya zauna. Ku tuna, a wancan zamani sarautar kowace masarauta ba ta cika sai Sarkin Musulmi ya amince. Sarkin Musulmi na lokacin shi ne Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859. Da farko an bar Buhari a kan gadonsa.

Abin da ya ɓata al'amari shi ne kisan Sarkin Auyo Nalara. Nalara ba bare ba ne, ɗan baffan Buhari ne, jininsu ɗaya, kuma yana da farin jini da magoya baya. Buhari ya ga cewa wata rana wannan mutumin zai iya neman gadon Haɗejiya, sai ya sa aka kashe shi. Ba a kai shi gaban alƙali ba. A daular da aka kafa da sunan bin shari'a, wannan babban laifi ne, kuma labari ya isa Sakkwato.

Sarkin Musulmi ya turo Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo, wanda shi ne ke lura da masarautun gabas. Waziri ya sauka a Katagum ya aika a kira Buhari ya zo ya yi bayani. Buhari bai miƙa wuya ba. Saboda haka a 1850 Waziri ya taho Haɗejiya da runduna, ya tuɓe shi, ya naɗa Ahmadu. Buhari bai tsaya an kama shi ba. Ya fita da mutanensa ya nufi arewa maso gabas, wajen Machina, cikin ƙasar da ke bin Borno.

Shehun Borno na lokacin, Umaru ɗan Shehu Laminu, yana zaune a Kukawa, kuma dama Borno ba ta manta cewa ƙasar Haɗejiya tata ce kafin jihadi ba. Don haka samun wani ɗan sarkin Fulani da ya yi fushi da Sakkwato abu ne da ya yi mata daɗi. Aka bar Buhari ya tara mayaƙa. A daidai wannan lokacin ne wani Bature ɗan Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Gumel zai je Kukawa a 1851. Ya rubuta labarin Buhari a littafin tafiyarsa, da yadda mutanen hanya ke cikin tsoro saboda shirin yaƙin da ake yi. Wato labarin Buhari bai tsaya a bakin kakanninmu kaɗai ba, har a Turai an karanta shi tun yana raye.

A cikin 1851 ɗin Buhari ya dawo. Ya ci rundunar Ahmadu, ya sake shiga fada. Ahmadu ya gudu, aka bi shi aka kashe. Wannan shi ne jinin gida na biyu da ya zuba saboda gadon sarauta, kuma wannan karon wanda aka kashe sarki ne da Sakkwato ta naɗa da hannunta. Daga nan babu sauran zancen sulhu.

Yanzu mun zo wurin da tsofaffi suka fi son bayarwa, wato Gamon Kafur. Kada ku haɗa shi da Kafur ta jihar Katsina. Wannan Kafur ƙauye ne a nan kusa da mu, a ƙaramar hukumar Auyo ta yau. Wajen 1853 Sarkin Musulmi ya ba da umarni a tara runduna daga masarautu da yawa a zo a kawar da Buhari. Kano ce ta kawo mafi yawan mayaƙa, a ƙarƙashin Galadima Abdullahi, ga kuma mutanen Katagum da sauran maƙwabta, ga wakilin Sakkwato. Idan aka bi yawan dawaki da mutane, Haɗejiya ba ta da abin da za ta yi. Rundunar ta yi sansani a Kafur tana shirin kewaye birni.

Buhari bai zauna cikin ganuwa yana jiran su ba. Ya fito ya bi ta inda ba su zata ba, ya afka musu ba su shirya ba. Sansani ya rikice. Ana ba da labari cewa manyan mutane sun hau dawaki ko sirdi ba su tsaya ɗaurawa ba, aka bar tantuna da kaya da dawaki masu yawa a wurin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan Galadima Abdullahi da aka kora daga Kafur shi ne ya zama Sarkin Kano a 1855, wanda ake kira Abdullahi Maje Karofi, kuma ya yi mulki mai ƙarfi har kusan shekara 27. Ashe ba ragwaye Buhari ya kora ba.

Me ya sa ƙaramar masarauta ta gagari babbar daula? Dalili na farko duk wanda ya taɓa zuwa Auyo ko Guri ko Kiri Kasamma da damina ya san shi. Idan kogi ya kawo, fadama takan cika, hanya ta yanke, doki ba ya iya gudu cikin taɓo. Baƙo bai san mashigi ba, ɗan gari kuwa ya sani. Ga kuma ganuwar da Sambo ya gyara. Sannan rundunar taron dangi ce, kowane sarki da nasa tunanin, kuma mayaƙan manoma ne da hankalinsu ke komawa gona da zarar hadari ya haɗu. Buhari kuwa mutanensa kullum a shirye suke. Ya ɗaukaka bayinsa ya ba su manyan sarautu, irin su Sarkin Arewa Tatagana da Sarkin Yaƙi Jaji. Su ba 'ya'yan sarki ba ne, ba za su nemi gadonsa ba, kuma duk abin da suka samu daga hannunsa ya fito.

Amma mayaƙa irin waɗannan sai da ganima ake riƙe su, kuma a nan ne labarin ya daina daɗi. Bayan Kafur, Buhari ya shafe kusan shekara 10 yana kai hari gabashin ƙasar Kano, irin su Miga, da ƙasar Katagum da sauran maƙwabta. Ya ci Marma, wadda a da take da nata sarki mai cin gashin kansa, ya haɗa ta da Haɗejiya. Ana cewa rami mutanensa suka haƙa ta ƙarƙashin ganuwar garin suka ɓullo ciki. A irin waɗannan hare-hare ana ƙona rumbuna, a kore shanu, a kama mata da yara a sayar da su bayi, alhali da yawansu Musulmi ne 'ya'ya, waɗanda shari'a ta hana a bautar. Ƙauyuka da dama sun watse, fatake suka riƙa kauce wa hanyar.

Shi ya sa labarin Buhari ya danganta da bakin wanda ka ji shi. A cikin birnin Haɗejiya za a gaya maka sarki ne da ya faɗaɗa ƙasa, ya sa ake shakkar Bahaɗeje ko'ina. Makaɗan fada sun adana wannan ɓangaren da kyau, domin aikinsu ke nan, kuma ba a yi wa wanda aka ci da yaƙi kiɗa. A garuruwan da ya kai wa hari kuwa, abin da kakanni suka bar wa jikoki shi ne labarin gudu cikin dare da 'yan'uwan da ba su dawo ba. A makarantar nan muna da 'yan cikin gari, muna da 'yan Auyo da Marma, har da waɗanda iyayensu suka zo daga Miga da Jahun, duk a benci ɗaya. Ni 'yar Haɗejiya ce, kuma gaskiya ina jin daɗin labarin Kafur. Amma a ganina bai kamata mu riƙa ba da shi mu tsallake Nalara da Ahmadu da yaran da aka kai kasuwa ba. Jarumi ne, wannan ba gardama. Adalci kuwa ban ga inda zan ba shi maki mai yawa ba.

Ƙarshensa ya zo ne a ƙasar Bade, a gabas da mu. Badawa sun daɗe suna shan hari daga Haɗejiya da Borno, don haka suka gina wa kansu birni mai ganuwa a Gogaram, cikin kurmi da ruwa, a jihar Yobe ta yanzu. A 1863 Buhari ya kai musu yaƙi. Irin abin da ya taimake shi a gida, wato fadama da sanin hanya, wannan karon yana hannun abokan gaba. A wurin yaƙin kibiya ta same shi, kuma raunin ne ya zama ajalinsa. Sarkin da rundunar masarautu ta kasa kayarwa, maharbin Bade ne ya kayar da shi.

Bayan rasuwarsa, Tatagana da Jaji suka tsaya aka naɗa ɗansa Umaru, yana saurayi. Umaru ya nemi sulhu da Sakkwato, lokacin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, Haɗejiya ta koma cikin daula. Sai dai bai wuce shekara biyu ba aka tuɓe shi a 1865, ya koma Chamo a ƙasar Kano da zama. Sarauta ta koma hannun ƙanen Buhari, Haruna, wanda ya yi shekara 20. Ɗan Haruna shi ne Sarki Muhammadu Mai Shahada, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawan Ingila, suka kashe shi a cikin birnin nan ranar 25 ga Afrilu, 1906. Labarinsa ne za mu liƙa a allon nan mako mai zuwa in Allah ya kai mu.