Edith Clarke: Marainiyar da aka ɗauka aiki a matsayin kwamfuta

In kana Samaru ko Sabon Gari, ka san yadda abin yake. Ana zaune sai ɗif, an ɗauke wuta. Mai walda ya ajiye aiki, mai ƙanƙara ya fara lissafin asara, kai kuma wayarka saura kashi tara. Ka leƙa Facebook ka tarar ba unguwarku kaɗai ba ce, babban layin wutar ƙasa ne ya durƙushe. To, akwai wata mata da ta ƙarar da rayuwarta kan sanin abin da ke jawo haka. Sunanta Edith Clarke.

An haife ta a 1883 a jihar Maryland ta Amurka. Tana shekara 12 ta zama marainiya, ba uwa ba uba. Ɗan gadon da aka bar mata ta zuba shi a karatun lissafi da ilimin taurari, ta kammala a 1908.

A 1912 kamfanin AT&T ya ɗauke ta aiki a matsayin kwamfuta. Ba wasa nake ba. A lokacin mutum ne kwamfuta: a zaunar da mata da fensir su yi ta lissafi, injiniyoyi maza su kwashi yabo. A 1919 ta zama mace ta farko da ta samu digiri na biyu a injiniyancin lantarki daga MIT. Duk da haka ba wanda ya ba ta aikin injiniya. Sai da ta tafi Turkiyya ta koyar na shekara guda, sannan General Electric ya ɗauke ta injiniya a 1922, tana dab da shekara 40.

Ga abin da ya dame ta. Injinan da ke haɗe a layi guda, kamar namu na Kainji da Shiroro da Egbin, dole su riƙa tafiya tare, wutar na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Kamar 'yan mata uku ne kan turmi ɗaya. Ɗaya ta saɓa, taɓare sun yi karo. Idan layi ya tsinke ko lodi ya yi yawa, wani inji ya ƙara gudu, wani ya ja baya. Ko dai su daidaita cikin 'yan daƙiƙoƙi, ko su yi ta fita ɗaya bayan ɗaya har ƙasa ta shiga duhu.

A 1926 Edith ta gabatar da takarda gaban ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka, mace ta farko da ta yi hakan, kan iyakar wutar da dogon layi zai ɗauka kafin ya rikice. Shekara guda kafin nan ta samu rajistar mallakar wani allon lissafi da ta ƙirƙira, mai rage wa injiniya wahalar lissafin dogayen layuka. Yau na'urori ke auna lafiyar layi nan take, sau da yawa a daƙiƙa. Ita da hannu ta yi nata, kuma a ganina nan ne abin mamakin yake.

Littafinta na 1943 ya daɗe a hannun ɗalibai. Tambayi abokinka mai karanta lantarki a ABU, wataƙila ya ci karo da lissafin da ke ɗauke da sunanta bai san mace ba ce.

A 1947 ta koma koyarwa a Jami'ar Texas, farfesa mace ta farko a wannan fanni a Amurka. Ta rasu a Oktoban 1959, tana da shekara 76.