WALIYYI ANDARAWUS, MASUNCIN DA YA KAWO ƊAN'UWANSA

Ran 30 ga watan Nuwamba, sa'ad da manomanmu na Birnin Kudu da Gwaram ke tsakiyar aikin kaka, Ikkilisiya takan yi idin Waliyyi Andarawus Manzo. Ya kamata mu san shi sosai, gama talaka ne mai cin guminsa kamar yawancinmu.

Andarawus mutumin Betsaida ne, a bakin Tekun Galili. Daga baya ya zauna a Kafarnahum, gida ɗaya da ɗan'uwansa Siman Bitrus. Dukansu biyu masunta ne, da taru suke neman abinci. Kafin ya sadu da Ubangiji, almajirin Yohanna Mai Baftisma ne. Ran da Yohanna ya nuna Yesu, nan take Andarawus ya bi shi, ya zauna tare da shi a ranar. Saboda haka Kiristocin Gabas suke yi masa laƙabi da wanda aka fara kira.

Abin da ya fara yi kuwa shi ne ya nemo Siman ya kawo shi wurin Yesu, domin zumunta a ƙafa take. Sai ga shi wanda aka kawo ya zama shugaban manzanni. Sa'ad da Yesu ya hau dutsen da kamanninsa ya sāke, da Bitrus da Yakubu da Yohanna ya tafi, ban da Andarawus. Duk da haka ba inda Linjila ta nuna ya yi kishi ko ya ja da baya.

Aikinsa bai canja ba. Ran da mutum wajen 5,000 suka rasa abinci, shi ne ya lura da yaron nan mai gurasa biyar na sha'ir da kifi biyu, ya faɗa wa Ubangiji, ko da yake shi kansa ya ga abin ya yi kaɗan. Da waɗansu Helenawa suka so ganin Yesu a Urushalima, shi da Filibus ne suka isar da roƙonsu.

Bisa ga labarin da Ikkilisiya ta gāda, ya yi wa'azi a ƙasar Girka, aka kuma gicciye shi a birnin Fataras. An kai ƙasusuwansa Kustantiniya a shekarar 357, ƙoƙon kansa kuma ya isa Roma a 1462. A 1964 Paparoma Bulus na Shida ya mayar da shi Fataras, alamar neman sulhu da 'yan'uwanmu na Ikkilisiyar Otodoks.

To, mu fa? Ba mu da yawa a wannan yanki, amma sau nawa muke ɓata zumunci saboda neman shugabancin ƙungiya! Waɗansunmu kuma suna da ɗan'uwa a cikin gida wanda ya daɗe bai zo Misa ba, ba su taɓa taka ƙofar ɗakinsa don wannan ba. Wannan ba aikin Fada da katikis kaɗai ba ne. Lahadin da ta fi kusa da idin nan ita ce farkon lokacin shirin Kirsimati. Bari kowannenmu ya tuna da mutum ɗaya, ya je da kansa ya taho da shi.

Waliyyi Andarawus, ka yi addu'a dominmu. Amin.