Edward R. Murrow: Ɗan Jaridar da Ya Tunkari Sanata McCarthy a Talabijin

Edward R. Murrow yana cikin mutanen da suka aza harsashin aikin labarai a gidajen rediyo da talabijin na Amurka. Ya yi suna a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda rahotannin da yake aikawa daga Landan, sannan ya koma talabijin ya tunkari Sanata Joseph McCarthy a lokacin da manyan ƙasa ke tsoron ambaton sunansa. Ya yi galaba a kan sanatan, amma shirin da ya yi wannan aiki da shi bai daɗe ba a hannun masu gidan talabijin da masu biyan kuɗin talla.

Haihuwa da karatu

An haife shi ranar 25 ga Afrilu, 1908, a Polecat Creek da ke kusa da garin Greensboro a jihar North Carolina. Sunansa na yanka Egbert Roscoe Murrow, daga baya ya sauya shi zuwa Edward yana saurayi. Iyayensa manoma ne masu ƙaramin ƙarfi, mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker, kuma gidan da ya fara tasowa a ciki babu wutar lantarki balle ruwan famfo. Yana ɗan shekara 6 iyalin suka yi ƙaura zuwa jihar Washinton a arewa maso yammacin ƙasar, yankin da sana'ar katako ta fi ƙarfi. A can ya yi aikin ƙarfi a sansanonin masu saran itace domin ya tara kuɗin makaranta.

Ya shiga Kwalejin Jihar Washinton da ke Pullman, inda ya karanci fasahar magana, ya kammala a 1930. Malamarsa Ida Lou Anderson ce ta horar da shi kan sarrafa murya da sanin inda ake dakatawa a cikin zance, abin da ya zama tambarinsa a bakin makirufo. Bayan ya shugabanci ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ya yi aiki da wata cibiyar musayar ilimi ta ƙasa da ƙasa a New York daga 1932 zuwa 1935. A wannan tsakanin ya yi hidima a kwamitin da ya nema wa ɗaruruwan malaman jami'a da gwamnatin Nazi ta kora daga aiki matsuguni a Amurka. Daga nan ya fara ganin abin da mulkin Hitler ke yi wa masu ilimi.

Daga Vienna zuwa Landan

Ya shiga kamfanin CBS a 1935, aka tura shi Landan a 1937 a matsayin shugaban ofishin Turai. Aikinsa a lokacin shi ne shirya jawaban manyan mutane da waƙoƙin makarantu domin a watsa a Amurka, babu ruwansa da karanta labarai. Lamarin ya sauya a watan Maris na 1938, lokacin da sojojin Jamus suka shiga Ostiriya. Murrow yana Warsaw yana shirya waƙar yara, sai ya yi shatar jirgin sama ya sauka a Vienna. Ranar 13 ga Maris, CBS ta haɗa wakilai daga Landan da Paris da Barlin da Vienna a shiri ɗaya kai tsaye, Robert Trout yana jan ragama daga New York. Wannan tsari na mutum ɗaya a ɗakin watsa labarai yana kiran wakilai daga birane daban-daban shi ne wanda gidajen talabijin suka gada har yau.

Da jiragen Jamus suka fara ruwan bama-bamai a Landan a 1940, Murrow ya nemi izinin hukumomin Birtaniya ya riƙa magana daga saman rufin gini, jiniya tana kuka a bayansa. Akwai daren da ya ajiye makirufo a ƙasa kusa da dandalin Trafalgar domin masu sauraro su ji takun mutanen da ke tafiya maɓoya cikin natsuwa. Gajerun jimloli yake yi, ba ya ɗaga murya, kuma ya fi ba da labarin talakan gari a kan bayanin janar-janar. Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, saboda haka rahotanninsa suka yi tasiri wajen jawo tausayin Amurkawa ga Birtaniya.

Ya bi jiragen yaƙi zuwa fagen daga sau da dama, har da harin da aka kai Barlin a Disamban 1943. A watan Afrilun 1945 ya shiga sansanin gwale-gwale na Buchenwald jim kaɗan bayan an 'yantar da shi, ya bayyana wa duniya gawarwaki da ramammun fursunonin da ya gani. Ya kuma tara ƙwararrun wakilai irin su William Shirer da Eric Sevareid da Howard K. Smith da Charles Collingwood, waɗanda suka zama ginshiƙan sashen labarai na CBS.

Shigarsa talabijin

Bayan yaƙi aka ba shi muƙamin mataimakin shugaban kamfanin, amma aikin ofis bai karɓe shi ba, ya koma bakin makirufo a 1947. Da farko yana ɗari-ɗari da talabijin, domin yana ganin hoto zai iya danne ma'ana. Haɗuwarsa da Fred Friendly, mai shirya shirye-shirye, ita ta ja shi ciki.

Shirinsu mai suna See It Now ya fara fita ranar 18 ga Nuwamba, 1951. Murrow ya zauna a cikin ɗakin sarrafa na'urori, allunan talabijin a kewaye da shi, mai kallo yana ganin ma'aikata suna aikinsu. A shirin farko aka nuna gadar Brooklyn ta New York da gadar Golden Gate ta San Francisco a lokaci guda kai tsaye, gaɓar teku biyu da ke da tazarar dubban kilomita. Irin wannan haɗa wurare biyu a gaban mai kallo ya zama ruwan dare a yau, amma a lokacin sabon abu ne. Wanda ke ba da umarnin kyamarori shi ne Don Hewitt, wanda daga baya ya ƙirƙiro shirin 60 Minutes a 1968. Kamfanin Alcoa mai sarrafa gorar ruwa ne ya ɗauki nauyin shirin. A Kirsimetin 1952 suka tafi Koriya suka nuna rayuwar ƙananan sojoji a cikin ramuka da sanyi.

Karo da McCarthy

Tun daga Fabrairun 1950 Sanata Joseph McCarthy na jihar Wisconsin yake iƙirarin cewa 'yan gurguzu sun cika gwamnatin Amurka. Zargi kawai ya isa ya raba mutum da aikinsa. CBS kanta ta sa ma'aikatanta sa hannu a takardar rantsuwar biyayya ga ƙasa a 1950, kuma Murrow ya sa hannu. 'Yan jarida irin su Drew Pearson da mai zanen barkwanci Herblock sun riga shi sukar sanatan da shekaru, don haka wasu masana tarihi ke ganin ya yi jinkiri.

Ya fara da labarin wani ƙaramin hafsa. Ranar 20 ga Oktoba, 1953, shirin ya kawo batun Laftanar Milo Radulovich na rundunar sojan sama ta ko-ta-kwana, wanda aka sallama saboda zargin da ake yi wa mahaifinsa da 'yar'uwarsa, bisa hujjojin da aka rufe a ambulan ba a nuna masa ba. CBS ta ƙi tallata shirin, sai Murrow da Friendly suka biya dala 1,500 daga aljihunsu aka buga sanarwa a jaridar New York Times. Bayan kimanin wata guda rundunar ta mayar da hafsan bakin aikinsa.

Ranar 9 ga Maris, 1954, suka keɓe rabin sa'a kan McCarthy kansa. Dabarar da suka bi ita ce tattara hotunan jawabansa da na yadda yake titsiye shaidu, suka jera su domin mai kallo ya ga saɓanin da ke tsakanin maganganunsa. A ƙarshe Murrow ya fuskanci kyamara ya ja hankalin jama'a cewa saɓanin ra'ayi daban yake da cin amanar ƙasa, zargi kuma daban yake da hujja, ya ƙara da cewa laifin bai tsaya kan sanatan ba, ya shafi duk wanda ya yi shiru. Saƙonni da kiran waya suka yi ta kwarara zuwa CBS, mafi yawansu na goyon baya.

An ba McCarthy damar mayar da martani ranar 6 ga Afrilu, ya yi amfani da ita wajen jifan Murrow da zargin alaƙa da 'yan gurguzu, abin da bai ƙara masa farin jini ba. Sauraron bahasi tsakaninsa da rundunar soja, wanda aka watsa kai tsaye daga Afrilu zuwa Yuni, ya ƙarasa zubar da ƙimarsa. Ranar 2 ga Disamba, 1954, Majalisar Dattawa ta yi Allah wadai da shi da ƙuri'a 67 a kan 22.

Mai gida da masu talla

Nasarar ba ta kare shirin ba. Alcoa ya janye tallafinsa a 1955, shekarar da shirin kacici-kacici mai kyautar dala 64,000 ya fara jawo miliyoyin masu kallo da kuɗin talla mai yawa. Sai aka cire See It Now daga jerin shirye-shiryen mako-mako, ya koma fitowa jefi-jefi, har aka rufe shi a Yulin 1958. William Paley, wanda ya mallaki ragamar CBS tun 1928 kuma aminin Murrow tun zamanin yaƙi, ya gaji da rigimar da shirin ke jawo masa da 'yan siyasa da 'yan kasuwa. Abin da kamfanin ya fi so shi ne ɗaya shirin nasa, Person to Person, inda yake hira da taurari a gidajensu, domin shi ke kawo riba.

Ranar 15 ga Oktoba, 1958, ya yi jawabi a taron shugabannin sassan labarai na rediyo da talabijin a Chicago. Ya zargi masana'antar da lulluɓe jama'a da nishaɗi domin kada su ga halin da duniya ke ciki, ya yi gargaɗin cewa akwatin talabijin zai iya ilmantarwa ne kawai idan masu shi suka yi niyyar hakan. Jawabin ya ɓata tsakaninsa da Paley. Babban aikinsa na ƙarshe a CBS shi ne Harvest of Shame, wanda aka nuna ranar 25 ga Nuwamba, 1960, kan ƙuncin leburorin gona masu yawo daga jiha zuwa jiha. An sa shi washegarin bikin godiya na Amurka, lokacin da iyalai suka gama cin amfanin gonar da waɗannan leburori suka girbe.

Aikin gwamnati da rasuwa

A 1961 Shugaba John F. Kennedy ya naɗa shi shugaban Hukumar Watsa Labarai ta Amurka, wadda gidan rediyon Muryar Amurka ke ƙarƙashinta a lokacin. Da hawansa kujerar ya nemi BBC ta fasa nuna Harvest of Shame don kada ya ɓata sunan ƙasarsa. BBC ta ƙi, maganar ta fito fili, ya sha suka, shi ma ya amince cewa ya yi kuskure.

Murrow mashayin sigari ne ƙwarai, da wuya a gan shi a allo babu kara a hannunsa, duk da cewa shirinsa ya kawo rahoto kan alaƙar taba da sankarar huhu a 1955. An cire masa huhu ɗaya a 1963, ya ajiye aiki a farkon 1964. A shekarar Shugaba Lyndon Johnson ya ba shi lambar yabo ta 'yanci, Birtaniya ma ta karrama shi a 1965. Ya rasu ranar 27 ga Afrilu, 1965, a gidansa da ke Pawling a jihar New York, kwana biyu bayan ya cika shekara 57. Ya bar matarsa Janet da ɗa guda.

Bayan rasuwarsa

Abin da ya yi gargaɗi a kai ya ci gaba da bin CBS duk lokacin da ta sauya hannu. Attajiri Laurence Tisch ya karɓi ragamar kamfanin a 1986, a shekara mai bi aka sallami ma'aikatan labarai sama da 200, har mai gabatar da labaran yamma Dan Rather ya sa hannu a wani sharhi a New York Times yana kafa hujja da sunan Murrow. Kamfanin Westinghouse ya sayi CBS a 1995 a kan dala biliyan 5.4, sannan ta haɗe da Viacom a 2000. A kowane sauyi ma'aikatan sashen labarai kan koma ga tambayar da ta raba Murrow da Paley, wato iya rigimar da mai gida zai jure saboda labari.

Ƙungiyar da ya yi wa jawabin Chicago tana ba da lambobin yabo da sunansa duk shekara, kuma tsohuwar makarantarsa da ke Pullman ta sa wa kwalejin koyar da aikin sadarwa sunansa. A 2005 George Clooney ya shirya fim kan karonsa da McCarthy, inda David Strathairn ya fito a matsayin Murrow.