Nikolas Kopanikus da Garin Frombork

Frombork wani ɗan ƙaramin gari ne a arewacin ƙasar Polan, a bakin wani tafki mai haɗe da tekun Baltik. Mutanensa ba su kai 3,000 ba. An ba shi matsayin gari a shekarar 1310, kuma tsakanin 1329 da 1388 aka gina babbar majami'ar jan bulo da ke kan tudunsa, wadda ita ce cibiyar lardin Warmiya. A shekarar 1466 lardin ya koma ƙarƙashin sarkin Polan. Da ba domin mutum guda ba, da wuya a ji sunan wannan gari a wajen ƙasarsa. Mutumin kuwa shi ne Nikolas Kopanikus, masanin falakin da ya kawo hujjojin lissafi cewa duniya ce take kewaya rana.

Ba a Frombork aka haife shi ba. An haife shi a birnin Torun ranar 19 ga Fabrairu, 1473. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya rasu yaron yana da kimanin shekara goma. Daga nan sai kawunsa, Lukas Watzenrode, wanda ya zama bishop na Warmiya a 1489, ya ɗauki nauyin karatunsa. Ya shiga jami'ar Krakow a 1491, sannan ya wuce Italiya inda ya karanci shari'a a Bolonya da likitanci a Paduwa, ya kuma sami digirin dakta a dokokin coci daga Ferara a 1503. Kawun ne ya samar masa kujera a majalisar da ke gudanar da dukiyar majami'ar Frombork, kuma wajen 1510 ya tare a garin.

Yana da kyau ɗalibi ya lura cewa nazarin taurari bai taɓa zama aikin da ake biyan Kopanikus ba. Aikinsa shi ne lura da gonaki da haraji da gyaran ganuwa da duba marasa lafiya. Har takarda ya rubuta kan lalacewar kuɗin ƙasa, inda ya nuna cewa idan aka rage azurfar da ke cikin tsaba, kuɗi mai kyau yakan ɓace daga kasuwa. Sai dare ya yi yake komawa ga sararin sama, shi ma idan hazon tafki ya bari. A wancan zamani ba a ƙirƙiro madubin hangen nesa ba tukuna, don haka da ido tsirara da kayan awo na katako ya yi duk bincikensa.

Zaman ma ba na kwanciyar hankali ba ne. A watan Janairu na 1520 mayaƙan Jamusawa 'yan ƙungiyar Tutonik, waɗanda ke yaƙi da Polan, suka ƙone gidajen Frombork. Kopanikus ya koma garin Olshtin, inda ya tsaya kan shirin kare ganuwar fadar garin. Bayan lafawar yaƙi a 1521 ya dawo ya ci gaba da lissafinsa.

Abin da ya gano ya saɓa wa koyarwar Batlamus, wadda aka shafe fiye da shekara dubu ana bi, cewa duniya tana tsaye a tsakiya sauran halittun sama na zagaya ta. Kopanikus ya sa rana a tsakiya, ya ce duniya tana juyawa a kan kanta sau ɗaya kowace rana, tana kuma kewaya rana sau ɗaya a shekara. Bai fara daga fili ba. A littafinsa ya ambaci awon da Albattani ya yi, kuma masana tarihin kimiyya sun nuna cewa tsarinsa na tafiyar wata ya yi kama ƙwarai da na Ibn Shaɗir, masanin falakin Dimashƙa na ƙarni na 14. Shi ma ya yi kuskure, domin ya nace cewa hanyoyin taurari da'irori ne cikakku, sai daga baya Kepler ya gyara wannan.

Ya daɗe yana jan ƙafa wajen buga aikin, ga alama don gudun izgili. Sai a 1539 wani saurayi malamin lissafi mai suna Retikus ya zo daga Jamus, ya zauna da shi fiye da shekara biyu, ya lallashe shi har ya saki rubutun. An buga littafin da harshen Latin a birnin Nuremba a 1543. A lokacin Kopanikus yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. An ce ranar da ya rasu, wato 24 ga Mayu, 1543, aka miƙa masa kwafin da aka buga. An binne shi a ƙarƙashin daɓen majami'ar, ba tare da wata alama da ke nuna kabarinsa ba.

Ga mai nazarin harshe, sunan garin kansa darasi ne. Jamusawa suna kiran sa Frauenburg, wato garin Uwargida, suna nufin Maryam mahaifiyar Annabi Isa. Bakin Polawa ne ya lanƙwasa kalmar ta koma Frombork, kamar yadda Bahaushe yake yi wa kalmar aro. Shi kuwa Kopanikus, da yake ya iya Girkanci, ya fassara sunan ya kira shi Ginopolis.

Bayan rasuwarsa garin bai huta ba. A 1626 sojojin Suwidin suka washe majami'ar, suka kwashe littattafanta, har da na Kopanikus, suka kai jami'ar Upsala. A 1772, lokacin da maƙwabta suka fara rarraba Polan a tsakaninsu, Frombork ya faɗa hannun Purushiya, ya zauna cikin ƙasar Jamus har zuwa 1945. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu aka ragargaza mafi yawan gine-ginensa, Jamusawan da ke ciki suka gudu ko aka kwashe su, Polawa suka maye gurbinsu. Garin ya rasa matsayinsa sai a 1959 aka mayar masa, kuma tsakanin 1966 da 1973 dubban 'yan sikawut suka taimaka wajen sake gina shi.

Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya san takamaiman inda Kopanikus yake kwance. An sha tono ba a dace ba. A 2005 wani ayarin masana binciken kufai ƙarƙashin Farfesa Jerzy Gassowski ya tono ƙoƙon kai da wasu ƙasusuwa na wani tsoho mai kimanin shekara 70, kusa da bagadin da Kopanikus yake kula da shi. Amma da me za a gwada, tunda bai bar zuriya ba? A nan ne ɓarnar 1626 ta yi rana. An duba ɗaya daga cikin littattafan da aka kai Upsala, wani kundin kalanda da ya daɗe yana amfani da shi, sai aka sami 'yan silallan gashi a tsakanin shafukansa. A 2008 aka bayyana cewa ƙwayoyin halittar biyu daga cikinsu sun dace da na ƙasusuwan.

Ranar 22 ga Mayu, 2010, aka sake binne shi a cikin majami'ar Frombork, wannan karon ƙarƙashin baƙin dutse mai ɗauke da sunansa da zanen rana da taurari shida suna kewaye da ita. Littattafansa kuwa har yanzu suna Upsala.