Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta ƙa'idar cika hatimi

Duk wanda ya tashi kusa da tsangaya a Gumel ko Sule Tankarkar, ko ya ratsa wajen masu layu a kasuwar Maigatari, ya san hatimi: gidaje tara a jikin allo, kowanne da lambarsa. Layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. A tara su a kwance, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, amsar ba ta wuce 15. Jama'a sun ɗauke shi sha'anin asiri, amma ƙashin bayansa lissafi ne, kuma ɗaya daga cikin malaman da suka fi yi masa bayani a rubuce a ƙarni na 18 mutumin Katsina ne.

Sunansa Muhammad ibn Muhammad al-Fullani al-Kashinawi. Ya taso a ƙasar da ta riga ta yi suna da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, ya kuma bi neman ilimi har gabas, wajen malaman Barno da Bagarmi. Cikin waɗanda ya karanta a gabansu akwai Muhammad al-Wali da Muhammad Bindu, kuma a hannun na biyun ne ya ƙware a ilimin wafaƙi, wato tsara lambobi a hatimi. Ya yi nahawu, ya yi manɗiƙi, ya yi ilimin taurari.

Wajen 1730 ya kama hanyar Makka, bai kuma sake komawa gida ba. Ya zauna a Hijaz, sa'an nan ya sauka Alƙahira. A waɗannan shekaru ne ya rubuta littattafan da aka san shi da su: Al-Durr al-Manzum, wanda ya gina a kan wani littafin Fakhruddin al-Razi kan taurari da ɗalasimai, da kuma Bahjat al-Afaƙ, na ilimin haruffa da wafaƙi, wanda ya kammala a 1732.

Wannan na biyu shi ne ya ja hankalin masana tarihin lissafi. Hatimi mai gida uku-uku kowane almajiri zai iya haddace shi. Mai biyar-biyar, ko bakwai-bakwai, ko sha ɗaya-sha ɗaya, hadda ba ta ɗaukarsa, gwaji da kuskure kuwa zai cinye rayuwar mutum. Abin da al-Kashinawi ya shimfiɗa shi ne hanyoyin cika kowane hatimi mai adadin mara: inda za a ajiye lamba ta farko, irin takun da za a yi zuwa gida na gaba, abin yi idan taku ya faɗa wajen allo, da abin yi idan an tarar gidan da kowa. Cikin hanyoyin akwai mai amfani da tsallen doki na wasan darar da Larabawa ke kira shaɗaranji. Mai bin ƙa'idar ba ya bukatar sanin dalilinta; in dai bai kauce ba, mai gida biyar zai ba shi 65 ta kowane ɓangare, mai bakwai ya ba shi 175.

Umarni jere da jere, wanda ke kai kowa ga amsa ɗaya, shi ne abin da masu kwamfuta ke kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Alkawarizmi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9. Nan ne kuma ya kamata a yi hattara. Masu ɗokin tarihi a kafafen sada zumunta kan ɗora wa al-Kashinawi rawanin da bai nema ba, har su mai da shi kakan kwamfuta. Ilimin wafaƙi ya girme shi da ɗaruruwan shekaru. Ikhwan al-Safa sun yi rubutu a kansa, haka Ahmad al-Buni a ƙarni na 13. Shi kansa bai raba lissafin da sirrin haruffa ba, ya kuma ɗauke shi ilimin da ba kowa ake buɗe wa ba. Darajarsa ita ce ya tattara, ya tsara, ya bayyana, har malaman Masar suka zauna a gabansa suna koyo.

Tazarar da ke tsakaninsa da zamanin ƙirƙirarriyar basira ta fi kamanninsu ban sha'awa. A wajensa mutum ne ke gano ƙa'ida, ya miƙa wa mai bi. Haka kwamfutocin farko suka yi aiki: a 1973 Richard Schroeppel ya rubuta wa na'ura umarni ta ƙidaya hatimai masu gida biyar-biyar, ta samu 275,305,224. Koyon na'ura ya juya al'amarin, domin yanzu na'urar ake sa wa ta nemo ƙa'idar da kanta. A watan Oktoba na 2022 kamfanin DeepMind da ke Landan ya bayyana AlphaTensor, manhajar da aka mayar wa ninka jadawalin lambobi tamkar wasan dara, ta yi ta bugawa ita kaɗai tana samun lada idan ta rage taku. A lissafin sifili da ɗaya, ta ninka jadawali masu gida huɗu-huɗu da ninki 47, alhali hanyar Volker Strassen ta 1969 tana cin 49. Ragin biyu ne kacal, amma shekara hamsin da uku babu wanda ya hango shi.

Manyan manhajojin harshe na yanzu kuwa daga rubutun da ke kan intanet suke koyo, kuma mafi yawan abin da malaman ƙasar Hausa da Barno suka bari, da Larabci da ajami, yana nan a takardun hannu, cikin gafaka da akwatunan gidaje. Shi kansa al-Kashinawi ta hannun wasu duniya ta sake jinsa. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kansa a 1967, Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karanta Turanci a littafinta Africa Counts na 1973, kuma ɗaya daga kwafen Bahjat al-Afaƙ da masana ke komawa gare shi yana ɗakin karatu na SOAS a Landan. Ɗalibin lissafi a Jigawa zai iya gama digiri bai taɓa cin karo da sunansa a aji ba.

Ƙarshen rayuwarsa a gidan Hasan al-Jabarti ya yi shi, malamin Alƙahira da ya shahara da lissafi da ilimin taurari. A can ya rasu a shekara ta 1154 bayan Hijira, wato 1741, bayan ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ba a haife shi ba sai bayan fiye da shekara goma. Ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma a littafinsa Aja'ib al-Athar ne ya ajiye sunayen malaman baƙon mahaifinsa, da na littattafansa, da shekarar rasuwarsa.