Al-Kindi, Malamin da Ya Ƙidaya Haruffa

An haifi Abu Yusuf Yaƙubu ɗan Ishaƙa Al-Kindi a Kufa wajen shekara ta 801 miladiyya, mahaifinsa yana gwamnan garin. A Bagadaza ya shahara, har Halifa Mu'utasim ya danƙa masa karatun ɗansa Ahmad.

Cikin ayyukansa akwai risala kan warware rubutun sirri. Mai sayen hatsi a kasuwar Madawa ba ya juye buhu. Cikin tafi guda yake ɗiba ya san sauran. Haka Al-Kindi ya yi da Larabci, wanda ba mai iya ƙidaye rubutunsa duka. Ya ɗauki nassi mai haruffa 3,667, ya ƙidaya, ya tarar alif ya fi yawa, sannan lam, sannan mim. Saboda haka alamar da ta fi maimaituwa a wasiƙar sirri, galibi alif ce. Amma ya yi gargaɗi cewa gajeren rubutu yakan yaudari mai ƙidaya, gargaɗin da masu gaggawar yanke hukunci ba su son ji.

A zamanin Mutawakkil mahassada suka sa aka ƙwace littattafansa, daga baya aka mayar masa. Ya rasu wajen 873. Risalar ta daɗe ajiye a Istanbul, sai 1987 aka buga ta a Dimashƙa. Allah ya jiƙansa.