Ɗan Hausa: Baturen da ya haɗa boko da sana'a a Kano

A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ni, amma sai bara na taɓa shiga Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, duk da cewa daga Tarauni tafiyar ba ta taka kara ta karya ba. Wallahi da na fito sai da na ji kunya, don ashe tarihinmu ne mu 'yan poli a ciki.

Sunansa na yanka Hanns Vischer, an haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar Hausa, daga baya ya koma ma'aikacin gwamnatin Ingila a Barno. A 1906 ya ratso Sahara tare da ayari daga Tarabulus zuwa Barno. Iya Hausarsa ce ta jawo masa laƙabin Ɗan Hausa.

A 1909, zamanin Sarki Abbas, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa, nan Nassarawa. Da Hausa ake koyarwa, ana kuma karanta Larabci da addini, don iyaye su saki jiki. Akwai ajin malamai, akwai na 'ya'yan sarakuna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓangaren sana'a, inda ake koyon kafinta da ƙira da dukanci. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1923 zuwa 1939, shi ne sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka a Landan shawara kan ilimi a Afirka. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a 1926. Ya rasu a 1945.

To, ba waliyyi ba ne fa. Mulkin mallaka ya yi wa aiki, sun buƙaci akawu da malaman N.A., kuma bokon da ya daidaita shi ya ture ajami daga ofis. Amma dai tun ranar farko alƙalami da guduma tare suka shigo makaranta a Kano.

Shi ya sa nake jin zafi in wani ya raina mai HND don wai hannunsa na taɓa baƙin mai. 'Yan uwana ɗalibai, ranar da ba lacca ku hau adaidaita ku je ku ga gidan nan da idonku.